Bashin Da Ake Biya Da Alƙalami

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon tsira, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, da wuya a zauna a majalisar masu sha'awar karatu a tashi ba a ji wani ya ce akwai littafin da zai rubuta ba. Wani ya riga ya raɗa wa littafin suna, wani ya zana bangonsa a zuci, wani ma ya rubuta babi biyu ko uku tun shekaru huɗu da suka wuce, suna nan kwance a kwamfuta ko a ƙasan akwati. Baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba, labarai kuma sun cika gidajenmu. Abin da ke kashe waɗannan littattafai tun ba a haife su ba shi ne babu mai bin mu bashinsu. Ma'aikacin da ya ƙi zuwa aiki za a yanke masa albashi, ɗalibin da ya ƙi karatu jarrabawa za ta tona shi, amma wanda ya kwana bai ƙara layi ɗaya a ƙagaggen labarinsa ba, gari zai waye ba wanda ya sani balle ya tambaya. Don haka nake son in yi magana a yau kan yadda mutum zai riƙe kansa da kansa idan ya ɗauki alkawarin gama littafi a ƙayyadajjen lokaci, gwargwadon abin da na gani a kaina da abin da na karanta game da waɗanda suka riga mu.

A bara na ɗauki alkawarin rubuta ƙagaggen labari mai kalmomi kimanin 48,000 cikin makonni 18. Wani mai ƙaramar maɗaba'a ne ya ji labarin daga bakina ya ce zai buga, har ya ba ni ɗan kafin alƙalami, da sharaɗin in miƙa masa cikakken rubutu a ranar da muka tsayar, domin shi ma yana da nasa alkawarin da masu takarda da masu sayar da littattafai. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai akwai wata mai bin bashin da ta fi shi nauyi a wuyana, wato kakata. Ginshiƙin labarin shi ne tafiyar da ta yi tana yarinya tare da iyayenta zuwa aikin Hajji ta ƙasa, irin tafiyar da dubban mutanenmu suka yi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare: daga Maiduguri a tsallaka zuwa Fort Lami, garin da aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, a bi ta Abeshe a shiga Sudan ta Junaina har Ubayyid, a tsaya a gonakin auduga na Jazira a yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu a tara guzuri, sannan a gangara bakin Bahar Maliya. Yau ta haura shekara 80, idonta ya raunana, kuma ba ta karanta boko. In ba ni na zauna na karanta mata ba, ba za ta ji yadda tafiyarta ta koma littafi ba. Ranar da wa'adin mai maɗaba'a zai cika tana rubuce a takarda, nata wa'adin kuwa Allah kaɗai Ya san shi.

Tunanin ɗaukar wannan aiki a matsayin bashi ya zo mini ne daga abin da muka karanta a makarantar Islamiyya tun muna yara. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, magana ce kan bashi, inda aka yi umarni da a ƙayyade masa lokaci, a rubuta shi, a kuma kafa shaidu. Ba ina nufin hukuncin ayar ya hau kan duk wanda ya yi niyyar rubuta littafi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na ɗauka shi ne hikimar da ke ciki. Ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma ya fi saurin manta abin da ake bin sa a kan abin da yake bi, sannan zuciya ta ƙware wajen sassauta wa mai ita. Idan dukiya tsakanin mutum biyu masu hankali tana bukatar lokaci da rubutu da shaida, to alkawarin da mutum ya ƙulla shi kaɗai da daddare ya fi bukatar su.

Wanda yake ganin na yi ƙari da na kira wa'adin rubutu da sunan bashi, ya dubi abin da ya sami Fyodor Dostoyevsky, shahararren marubucin Rasha. A 1865 basussuka suka sha masa kai, sai ya sa hannu a wata yarjejeniya da wani mai buga littattafai da ake kira Stellovsky, ya karɓi rubul 3,000. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa zai miƙa sabon ƙagaggen labari zuwa ranar 1 ga Nuwamba, 1866; idan ya saɓa, mutumin zai sami ikon buga abin da ya rubuta har tsawon shekara 9 ba tare da ya biya shi ko anini ba. Watan Oktoba ya kama bai fara rubuta wannan littafi ba, domin hankalinsa na kan wani babban littafin nasa da ake bugawa kashi-kashi a wata mujalla. Sai aka ba shi shawarar ya ɗauki mai iya rubutun gaggawa. Ranar 4 ga Oktoba wata budurwa 'yar shekara 20 mai suna Anna Snitkina ta fara zuwa gidansa, yana faɗa tana rubutawa, ta koma gida ta kwafe a sarari, washegari ta dawo da shafuka. Cikin kwana 26 aka gama littafin, wanda ma'anar sunansa ita ce Ɗan Caca. Da ya je miƙawa sai ya tarar mai buga littattafan ya bar gari, ma'aikatansa kuma suka ƙi karɓa, don haka ya kai rubutun ofishin 'yan sanda ya karɓo rasit mai ɗauke da kwanan wata. Baiwar da mutumin nan ya yi aiki da ita a Oktoba yana da ita tun a Janairu. Abin da ya sauya shi ne ranar biya ta matso, kuma an sami wadda take ƙwanƙwasa ƙofarsa kullum tana jiran ya faɗa ta rubuta.

Ni ban so in kai irin wannan gaɓar ba, domin ba kowa ne ke da ƙarfin da zai cika littafi a kwana 26 ba. Wa'adi mai nisa ba ya tsorata kowa a ranar farko, kuma nan haɗarinsa yake. Saboda haka abu na farko da na yi shi ne na fasa babban bashin zuwa ƙanana, yadda mai adashi yake zubi. Na ware makonni 16 don rubutu, na ajiye 2 don gyara da abin da Allah zai kawo na uzuri. A kowane mako ina rubutu kwana 6, Juma'a kuma na bar ta don masallaci da zumunci. Kalmomi 500 a rana sun zama 3,000 a mako, sun zama 48,000 a makonni 16. Da yake wutar lantarki ba abar dogaro ba ce a unguwarmu, da hannu nake rubutu a babban littafin rubutu, inda kalmomi 500 suke cika shafi biyu. Lokacin da na zaɓa shi ne daga dawowa sallar Asuba zuwa ƙarfe 7, kafin gida ya tashi da hayaniya, kafin waya ta fara kira. Ta haka tambayar da nake fuskanta kowace safiya ta daina zama ko zan iya rubuta littafi, ta koma ko zan iya cika shafi biyu, wanda abu ne da mutum zai ji kunyar cewa ya fi ƙarfinsa.

Abu na biyu shi ne rubuta lissafin. Anthony Trollope, marubucin Ingila da ya bar ƙagaggun labarai 47 alhali ya yi shekaru fiye da 30 yana aiki a hukumar gidan waya, ya bayyana hanyarsa a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883, bayan mutuwarsa. Yakan zauna kan tebur da ƙarfe 5:30 na safe, agogo a gabansa, yana neman kalmomi 250 a kowane kwata na sa'a. Duk littafin da zai fara yakan tanadi kundin da ya raba mako-mako, yana shigar da adadin shafukan da ya rubuta kowace rana, don in lalaci ya kama shi ya gan shi a rubuce. Har wani tsohon baransa yake ƙara wa fam 5 a shekara don ya tashe shi ya kawo masa kofi. Mu a wurinmu wannan ɗabi'a tana da suna tun da daɗewa, wato muhasaba, mutum ya yi wa kansa hisabi. Malamin nan na Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan Hijira, da ita aka yi masa laƙabi. Ni ma na ja layi a shafin ƙarshe na littafin rubutuna, gefe ɗaya kwanan wata, gefe ɗaya adadin kalmomi. Amfanin wannan lissafi biyu ne. Yana hana mutum yaudarar kansa da cewa ai yana ƙoƙari, sannan yana hana shi yanke ƙauna. A mako na 7, lokacin da labarin ya kai tsakiya, zumuɗin farko ya wuce, ƙarshe kuma ba a hango shi, na riƙa jin kamar ina tafiya a rairayi ba na ci gaba. Da na duba lissafi na ga 21,000, sai na san abin da nake ji daban, abin da ke ƙasa daban.

Abu na uku shi ne shaida, kuma a nan ne matasa da yawa suke zaɓar hanyar da ba ta ɓullewa. A 1999 wani mutum mai suna Chris Baty ya tara mutum 21 a yankin San Faransisko na Amurka, suka ce kowa zai rubuta ƙagaggen labari cikin wata ɗaya. Daga 2000 aka mai da abin watan Nuwamba, da ma'aunin kalmomi 50,000 a kwana 30, wato 1,667 a rana, aka san shi da NaNoWriMo, har ya kai mutane dubu ɗaruruwa suna shiga daga ƙasashe daban-daban kafin ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe a 2025. Wannan tsari ya nuna cewa adadi da rana da abokan tafiya suna fitar da rubutu daga mutanen da ba su taɓa gama komai ba. Sai dai abokan tafiya masu yin aikin tare da kai daban suke da 'yan kallo. Wanda ya hau Facebook ya yi shelar cewa sabon littafinsa na nan tafe, mutum ɗari suka yi masa san barka, ya riga ya karɓi ladan aikin da bai yi ba. Wani bincike da Peter Gollwitzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya gano cewa ɗaliban da aka lura da niyyar da suka bayyana sun sassauta ƙoƙari daga baya fiye da waɗanda ba a lura da tasu ba. Malamanmu kuwa sun daɗe suna gargaɗi kan son a ji da son a gani, domin yana cinye aiki ta fuskar lada, ga shi kuma yana cinye shi tun ta fuskar aikatawa.

Shaidan da na zaɓa yayana ne, mai shagon kayan masarufi, mutumin da bai damu da ƙagaggun labarai ba amma ya ƙware da littafin bashi. Kowace Alhamis bayan Isha'i nakan kai masa littafina, ya lashi yatsa ya ƙirga shafuka 12, ya sa hannu a gefe kamar yadda yake yi wa masu kawo masa kaya. Ba ya karantawa, ba ya yabawa. Ranar farko na ce, “Yaya, ko in karanta maka kaɗan ka ji?” Ya ce, “Kai dai kawo cikakke. Mai biyan bashi ba ya ba ni labarin inda ya samo kuɗin.” Da na zaɓi aboki marubuci, da mun ɓata dare muna hira kan taurarin labarin, in tashi ina jin na yi aiki. Yaya kuwa lamba kaɗai ya sani, kuma ina jin nauyinsa, irin nauyin da ƙane yake ji na wansa. Wannan kunya ta tashe ni a safiyoyi da yawa na sanyin hunturu.

Kakata ita ce ta riƙe ɗaya ɓangaren, wato ingancin abin da aka rubuta. Duk Juma'a da la'asar nakan je in karanta mata abin da ya samu. Tun daga zaure take tsokanata da wasan kaka da jika: “Maigida, ina cefanen wannan makon?” Ita ba ta san adadin kalmomi ba, amma ta san inda labari ya yi ƙarya. Ita ta sanar da ni cewa yara ma suna tsinkar auduga a Jazira, kuma abin da ta fi tunawa shi ne ƙaiƙayin hannu da nauyin buhu, ba faɗin gonakin ba. Wannan ya tuna mini cewa hisabin marubuci bai tsaya kan yawa ba. Gaggawar cika shafi ba ta zama uzurin cusa batsa don jan masu karatu, ko ɗaukar sirrin wani gida a sauya suna kaɗan a watsa shi a duniya. Abin da alƙalami ya rubuta magana ce, maganar da kuma ta fi ta baki daɗewa.

A mako na 11 rashin lafiya ta kwantar da ita, muka yi kwana 9 a asibiti, ina cikin masu jinya. A kwanakin nan ban rubuta komai ba, na kuma shigar da sifiri a lissafi kowace rana ba tare da zuciyata ta zarge ni ba, domin haƙƙin mai rai da ke kwance ya gabaci haƙƙin takarda. An ruwaito cewa Victor Hugo na Faransa, da wa'adin wani littafinsa ya matsa masa a 1830, kulle tufafinsa na fita ya yi don kada ya bar gida. Musulmi ba zai kulle kansa daga jam'i da jinya da jana'iza saboda littafi ba, shi ya sa tun farko ya kamata lissafinsa ya bar wa ƙaddara gurbi. A rana ta uku na kira mai maɗaba'a na gaya masa halin da ake ciki, tun wa'adi na da saura, domin ya san inda zai sa ƙafarsa. Shari'ar da ta ce a rubuta bashi ita ce ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, a aya ta 280 ta wannan sura, amma mai uzuri na gaskiya yakan kawo kansa da wuri, ba ya jira sai ranar biya ya kashe waya. Da aka sallame ta na ƙara kalmomi 100 a kan na kullum, sauran giɓin kuma ya ci daga makonni biyun ajiya.

A nan akwai kalmar da ya kamata mu yi wa adalci, wato in sha Allahu. An umarce mu da faɗinta kan duk abin da za mu yi gobe, domin mu tuna goben ba a hannunmu take ba. Amma mun wayi gari idan tela ko makanike ya faɗe ta sai gaban mai kaya ya faɗi, saboda an mai da ita ƙofar gudu. Mai faɗinta da gaskiya shi ne wanda ya riga ya tanadi lokaci da alƙalami, ya bar wa Allah abin da ba shi da iko a kai. Wannan ya shafi 'yan'uwa masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, musamman masu karɓar kuɗin masu karatu kafin su gama. Daga ranar da aka karɓi naira ɗaya, maganar ta tashi daga misali ta zama bashi na haƙiƙa, wanda in ba a cika ba sai a mayar ko a nemi yafiya.

Aiki cikin wa'adi ba baƙo ba ne a tarihin rubutunmu. A 1936 aka aro Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya na wata 6, a cikinsu ya rubuta Magana Jari Ce, wanda har yau ake karantawa. Tafsirin Jalalaini da muke saurara duk watan azumi ma yana ɗauke da darasi biyu. Jalaluddin al-Mahalli ya fara daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya dawo ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 864 bayan Hijira. Ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi, yana saurayin da bai wuce shekara 22 ba, ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40 a shekara ta 870. A harshen Larabci kalmar ajali ita ce ake amfani da ita ga lokacin biyan bashi, ita ce kuma muka aro muke kiran ƙarshen rayuwa da ita. Duk mai cewa zai rubuta in ya gama makaranta, ko in ya yi aure, ko in ya sami natsuwa, yana lissafi ne da kwanakin da ba a ba shi tabbacinsu ba.

Cikin ikon Allah na miƙa rubutun a ranar da aka tsayar, Yaya ya ja layi biyu a ƙarƙashin lissafin kamar yadda yake yi wa wanda ya gama biya. Babi na ƙarshe na karanta wa kakata shi tana jingine da filo, da na kai aya ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce jirgin ruwan da suka hau ya fi wanda na siffanta cunkoso, in gyara kafin a buga. Na gyara a daren.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ya 'yar'uwa, idan akwai littafin da ya daɗe a zuciyarka, ka ɗauki takarda a yau ka rubuta ranar da za ka gama, ka raba aikin zuwa abin da za ka iya ɗauka kullum ko da shafi ɗaya ne, ka bar gurbin uzuri, sannan ka nemi mutum ɗaya da kake jin kunyarsa ka ba shi ikon tambayarka duk mako. Sauran jama'a su ji labari ranar da littafi ya fito. Allah Ya sa mu cikin masu cika alkawari, Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya sa abin da hannayenmu suka rubuta ya zama hujja gare mu ranar hisabi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.